Mai ihu shi ke cinye mana lokaci

Duk wanda ya taɓa zama a shagon tela a goman ƙarshe na azumi ya san abin da zan faɗa. Kaya jibge har kan benci, shadda da yadi da atamfa da leshi, kowanne a ƙulle cikin leda da 'yar takarda an rubuta sunan mai shi, wani tun watan Sha'aban ya kawo nasa ya biya kuɗinsa cas ya tafi bai ƙara leƙowa ba saboda ya yarda da tela. To amma nasa ake fara yankawa? Ina. Wanda ya kawo shekaranjiya ne, mai zuwa bayan la'asar ya sake dawowa bayan tarawihi ya tsaya a kan tela yana cewa wallahi Malam yau ba inda za ni sai da kayana, in ya tafi kuma waya ba ta hutawa, nasa ake zarowa daga ƙasan tuli a ɗora a keke. Mai haƙurin nan da ya kawo da wuri shi zai je idi da tsohuwar riga. Shi kansa keken tun watan Rajab yake ƙara yana tsinka zare, tela ya san yana neman mai gyara amma tunda bai tsaya ba sai a ci gaba da dannawa, har ranar da zai tsaya cak ana jajiberin sallah lokacin da shi ma mai gyaran ba ya samuwa.

Ni a ganina haka muke tafiyar da kusan komai namu, daga cikin gida zuwa kasuwa zuwa ofis har gidan gwamnati. Duk abin da ya ɗaga murya shi ke samun lokacinmu da kuɗinmu, abin da ya yi shiru kuwa ko rayuwarmu ce ta rataya a kansa sai ya jira, kuma ba ya samun shiga sai ranar da ya rikiɗe ya zama bala'i.

Masu koyar da tsara lokaci suna yawan kawo maganar Eisenhower, shugaban Amurka daga 1953 zuwa 1961. A wani jawabi da ya yi a 1954 ya ambato wani tsohon shugaban jami'a yana cewa matsalolinsa iri biyu ne, na gaggawa da masu muhimmanci, na gaggawan ba su da muhimmanci, masu muhimmancin kuma ba sa taɓa zama na gaggawa. Daga nan aka fito da tsarin nan na raba aiki gida huɗu, wanda yake da muhimmanci kuma ba ya jira ka yi shi yanzu, mai muhimmanci da zai iya jira ka yanke masa rana, wanda ke matsa maka amma ba wani muhimmi ba ka tura wani ya yi, sauran tarkacen ka watsar. Ban yarda da maganar ɗari bisa ɗari ba, don mace mai naƙuda da gobara a kasuwa ai sun haɗa duka biyun. Amma gida na biyun nan, abin da ke da muhimmanci kuma ba ya ihu, nan ne muke tafka asara wallahi, kuma shi nake so mu tsaya a kai.

Ɗauki hawan jini. Ba ya ciwo, ba ya sallama, mutum zai yi shekaru da shi yana zuwa kasuwa yana dariya. Awonsa a kemis ko ƙaramin asibitin unguwa bai wuce 'yan mintuna ba, amma ka ce wa magidanci ɗan shekara 45 ya je a auna shi sai ya ce maka ba shi da lokaci, kuma da gaskiyarsa, a ranar yana da mai bashi da zai bi da kaya da zai sauke da ɗaurin aure da zai leƙa. Sai an wayi gari ɓarin jiki ya shanye sannan lokaci ya samu, a bar shago a rufe wata da watanni, 'yan uwa suna karɓa-karɓar kwana a asibiti, a sayar da fili. Haka awon ciki. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya aƙalla sau 8 kafin ta haihu, kuma a wajen awon nan ne ake gano jini ya hau tun kafin ya kai ga jijjiga. Mata nawa ne ake hana su zuwa da cewa ai lafiyarki ƙalau, wa zai yi girki, wa zai zauna da yara? Ranar da ta fara jijjiga da tsakar dare ba mai tambayar wa zai yi girki, mota ake nema ido rufe.

Abin da ya fi taɓa min zuciya shi ne mashaƙon da ya ɓarke daga ƙarshen 2022 ya ratsa 2023, Kano ce ta fi kowa jin jiki, kuma yawancin yaran da suka kamu ba a yi musu rigakafi cikakke ba. Allurar nan kyauta ce, ana yi wa jariri a sati 6 da sati 10 da sati 14. Na san akwai masu tsoro da masu zargi, wannan magana ce daban, amma da yawa ba ƙi suka yi ba, cewa suka yi sai wani satin, yau akwai suna a maƙwabta, wani satin kuma an yi baƙi, har kati ya ɓace a ƙasan katifa.

Ko a ƙananan abubuwa haka muke. Shekaru ana rajistar katin ɗan ƙasa ba mai waiwaya, sai da gwamnati ta ce a Disamba 2020 a haɗa lambar NIN da layin waya ko a rufe, sai ga mutane suna sammako tun asuba suna turereniya a ƙofar ofis a tsakiyar korona, aka yi ta ƙara wa'adi, duk da haka da aka toshe kira a Afrilu 2022 miliyoyin layuka abin ya shafa. Gaskiya ita ma hukumar wuraren rajistarta sun yi kaɗan. Amma halin namu na fafe gora ranar tafiya yana nan a katin zaɓe, yana nan a rajistar JAMB, yana nan a cikon kuɗin Hajji.

Sai dai akwai inda tsarin Turawan nan bai san mu ba. Shi an gina shi ne a kan mutumin da lokacinsa nasa ne shi kaɗai, ya rufe ƙofar ofis ya ce kar a dame shi. Mu kuwa lokacinka ba naka ba ne kai kaɗai, iyaye suna da rabo, dangi suna da rabo, maƙwabci da abokin kasuwa da surukai duk suna da rabo, baƙo zai yi sallama ba tare da ya kira ba kuma dole ka tashi ka karɓe shi. Wasu matasanmu da suka karanta irin waɗannan darussa a intanet sai su ɗauki zumunci gaba ɗaya su jefa shi a kwandon ɓata lokaci, su daina zuwa ko'ina su ce suna gina kansu. Wannan kuskure ne babba. Zumuncin nan shi ne inshorarmu, shi ke biyan kuɗin asibiti, shi ke riƙe maraya, shi ke samo wa yaro aiki, kuma kafin duk wannan ibada ne.

Amma a cikin zumuncin ma mai ihu muke bi, kuma nan ne abin ke min ciwo. Biki guda yanzu yana iya cin mako, kamu da sa lalle da wunin biki da dina da ɗaurin aure da kai amarya da buɗar kai da walima, ga anko ga gudummawa, an buɗe guruf a WhatsApp ana ta tuni safe da yamma, in ba ki je ɗaya ba an lura kuma za a yi miki ƙorafi har gaban Hajiya. Saboda haka kowa yana zuwa. A daidai wannan makon akwai Gwaggo a ƙauye ko a can ƙarshen gari, ƙafa ta hana ta fita, ido ya yi rauni, tana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗaki da carbi da 'yar rediyo, in ta ji motsi a zaure sai ta ɗago ta ce waye nan. Ita ba ta buga kati, ba ta da guruf, ba za ta kira ta ce me ya hana ka zuwa ba, in ma ka kira ta cewa za ta yi lafiya lau ɗan nan, Allah ya yi albarka, kar ka wahalar da kanka. Sai a yi shekara ba a je ba. Ranar da aka ce ta rasu kuwa motoci za a cika, a ɗauki hutu a wajen aiki, a zauna zaman makoki, a dawo sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in. Lokacin da aka ce babu ashe akwai shi, ita ce dai ba ta same shi ba tana da rai.

Kuma addininmu bai bar mu a duhu ba a kan wannan. Tun a makarantar allo da islamiyya aka koya mana akwai farilla akwai sunna akwai mustahabbi, akwai farillar da ke kan kowa akwai wadda in wasu suka yi ta faɗi a kan saura, kamar sallar jana'iza. Malamai kullum suna jan kunnen mai raya dare da nafila ya zo ya makara sallar asuba. A hadisin haƙƙoƙin Musulmi a kan ɗan uwansa, duba mara lafiya yana nan a jere tare da amsa gayyata da raka gawa, mu ne muka ɗauki biyu muka riƙe gam muka saki ɗayan saboda mara lafiya ba ya iya biyo mu. Ga kuma hadisin da Bukhari ya ruwaito cewa ni'imomi biyu mutane da yawa suna asara a kansu, lafiya da samun sarari. Wanda ya tashi da wannan karatun bai kamata a ce sai wani daga waje ya koya masa cewa ayyuka suna da daraja hawa-hawa ba. Hatta ranarmu a tsare take, salloli biyar sun yanka ta gida-gida, shi ya sa in Bahaushe ya ce maka bayan la'asar ya fi tabbas a kan ya ce ƙarfe huɗu. Me zai hana mutum ya ce tsakanin magariba da isha na 'ya'yana ne, ranar Asabar bayan azahar ta dubiya ce, ya riƙe su yadda yake riƙe lokacin buɗe shago?

Maganar 'ya'yan nan ma. Uba zai fita tun safe, ya tashi daga kasuwa ya wuce majalisa, sai sha ɗayan dare ya shigo yara sun yi barci. Buɗe jakar yaro a ga me aka rubuta a littafinsa, a ji haddarsa, a san su waye abokansa, duk wannan ba ya da wa'adi, ba wanda zai ci ka tara in ba ka yi ba yau. Sai sakamakon WAEC ya fito ba Turanci ba lissafi, ko a kira ka a ce an kama shi da ƙwaya, sannan a tara dangi ana neman mafita. Wayar da ke hannunmu kuma ta zo ta ƙara dagula lissafi, don ita an ƙera ta ne ta riƙa nuna maka komai kamar yanzu-yanzu ne, ƙara da jan ɗigo da saƙo a kan saƙo, rigimar Facebook da ba ta shafe ka ba sai ka ji kamar in ba ka tofa albarkacin bakinka a daren nan ba wani abu zai lalace. Babu abin da zai lalace. Yaron da ke gefenka yana jira ka duba masa aikin gida shi ne ke lalacewa a hankali.

Abin da ke hana mu gyarawa, a nawa ganin, kunya ce da kara. Ba mu iya cewa a'a ba, sai mu ce to insha Allah ga kowa, mu yi wa mutum biyar alƙawarin lokaci ɗaya mu saɓa wa huɗu, wanda hakan ya fi cin mutunci a kan a faɗi gaskiya tun farko. Alhali akwai hanyar faɗa cikin ladabi. Yaya don Allah a yi min uzuri, dinar ba zan samu zuwa ba amma ɗaurin aure da ni za a yi in Allah ya yarda. Kawu yau zan kai mai ɗakina awo, gobe bayan azahar ina nan tafe. Babba mai hankali ba zai ƙi wannan ba, sau da yawa ma albarka zai sa maka. Wanda zai yi fushi don ka kai matarka asibiti ba ka je kamu ba, to a bar shi ya yi fushin, zai huce.

Na san abin da wani zai ce, kuma yana da hujja. Zai ce malam duk wannan tsari na wanda ya ƙoshi ne. Ɗan sahun da zai kai balas kowace yamma ya san lokacin juyen baƙin mai ya wuce, ya san taya ta suɗe birki yana kuka, amma kuɗin yau na balas ne da man fetur da awon gida, musamman tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayu 2023. Mai hannu baka hannu ƙwarya kullum cikin gaggawa yake kuma ba shi ya zaɓa ba. Na yarda, kuma ba zan zauna in yi wa irin wannan bawan Allah wa'azin tsara lokaci ba. Abin da kawai zan ce, wasu daga cikin abubuwan nan ba kuɗi suke ci ba, rigakafi kyauta ne, gaida Gwaggo kuɗin mota ne, zama da yaro ko sisi ba ya ci. Sauran nauyin kuma yana kan waɗanda Allah ya ba sarari, kuma babu mai sarari kamar gwamnati, ita ke da kasafin kuɗi na shekara da ma'aikata da masana da aka ɗauka musamman don su hango abin da ke tafe.

To ita ma ɗin mai ihu take bi. A daren 9 zuwa wayewar 10 ga Satumba 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Maiduguri mutane suna barci, ya mamaye Gwange da Kasuwar Monday, ya shiga fadar Shehun Borno da asibitin koyarwa, ya shiga gidan zu, ya rusa katangar gidan yari fursunoni sama da 200 suka fice, dubban ɗaruruwan mutane suka rasa matsuguni, mutanen da da yawansu dama rikicin Boko Haram ne ya koro su cikin gari. Dam ɗin nan tun shekarun 1980 aka gina shi, kuma ya taɓa yin irin wannan a 1994. Shekara 30 ke nan tsakani. A duk tsawon wannan lokaci kula da shi abu ne mai muhimmanci na ƙarshe, amma ba ranar da ya zama dole a yi shi yau, kullum akwai abin da ya fi shi ƙara. Bayan ruwa ya ci gari sai ga jirage suna sauka, manya suna zuwa jaje, ana sanar da gudummawa, a farkon 2025 kuma gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 80 don sake gina shi. Kuɗin gyara ya fito, amma gidajen da suka rushe da jarin 'yan kasuwa da rayukan da aka rasa fa?

Ambaliyar 2022 ta kashe sama da mutum 600 a faɗin Najeriya, Jigawa na cikin waɗanda suka fi shan wuya, kuma mutanen yankin Haɗeja sun daɗe suna kukan ciyawar kachala da ta toshe hanyoyin kogi. A daminar shekarar ruwa ya shiga Kantin Kwari ya jiƙa dilolin atamfa da shadda na maƙudan kuɗi, ana ta maganar gine-ginen da aka yi a kan hanyar ruwa. Kuma ba a ce ba a sani ba, duk farkon shekara hukumar hasashen yanayi ta NiMet tana fitar da hasashen damina, hukumar NIHSA mai lura da ruwan koguna ma tana fitar da jerin jihohi da ƙananan hukumomin da ambaliya za ta iya shafa, watanni kafin ɗigon farko ya sauka. Haka manomi yake jiran takin gwamnati, kamfa da yuriya suna da lokacinsu a jikin masara, in ya wuce ya wuce, amma sau nawa ake bikin ƙaddamar da rabon taki bayan shuka ta yi nisa?

Dalilin a fili yake. Yashe magudana da gyaran dam da cika firjin rigakafi ba a yanka musu kirtani, ba a kiran maroƙa, ba hoton da za a sa a allon talla, in an yi su da kyau ma sakamakon shi ne ba abin da ya faru, kuma ba wanda ke tafa wa abin da bai faru ba. Rabon shinkafa da katifa da bargo bayan ambaliya kuwa yana da kyamara. Gadar sama kowa yana ganinta. Ɗan siyasa yana lissafin shekara 4 ne kuma ya san abin da muke yabawa, mu ne muke cika soshiyal midiya da jinjina in gwamna ya shiga ruwa da takalmin roba ya je jaje, ba ma tambayarsa ina yake a watan Maris. In muna so su canza sai mun canza abin da muke tafa wa.

Kuma a fara daga ƙofar gida. Lambatun layinmu a watan Afrilu a bushe yake, cike da yashi da ledar fiyawata da robobi, matasa goma da shebur da manjagara da baro biyu za su yashe shi a safiyar Asabar ɗaya, a kwashe abin da aka fitar a kai juji kar a bar shi a bakin kwata ruwan farko ya mayar da shi ciki kamar yadda aka saba. Mai unguwa da limamin masallaci su sa rana tun kafin hadari ya fara haɗuwa, masu hali su kawo kuɗin mota da ruwan sha. Kwalbatin da ya fi ƙarfinmu kuma a rubuta takarda a kai wa kansila da ciyaman tun a watan Fabrairu ko Maris, a tambaye su wanne za a gyara kafin Yuni, nawa aka ware, wa aka ba aikin, a ajiye kwafi, bayan sati biyu a koma a sake tambaya, in ba amsa a ɗauki hoton wurin a kai gidan rediyo tun ƙasa tana bushe.